Hannun da Ya Saki

Duk mai kukan tsufa ya ƙwace masa sana'a, ya tsaya ya ji abin da ya sami wata tsohuwa mai saƙa a wani gari na kan tudu, inda sanyi ke shiga har ɓargo. Tana 'yar shekara tara wata baturiyar mishan ta koya mata riƙon tsinken saƙa, kuma idon saƙa ɗaya in ya yi sako-sako, sai an warware layin gaba ɗaya an sake. Da haka ta tashi. Saƙarta matsattsiya ce, ko ƙwayar gero ba ta ratsa ta. Jikoki goma sha ɗaya Allah ya ba ta, kowanne a cikin bargon da ta saƙa da hannunta aka fito da shi ranar suna. Sai yanar ido ta fara rufe mata gani, sanyin ƙashi ya kama yatsu, hannun da ke jan zare tamau ya saki. Sau uku tana gwada hular jariri, sau uku tana fitowa kamar ragar kamun kifi. Ta naɗe tsinkayenta a tsumma, ta cusa ƙarƙashin akwati, ba ta gaya wa kowa ba.

Ana nan sai matar ɗan autanta ta haifi namiji. Saura kwana uku suna autan ya sauka daga ƙasar wajen da yake aiki, ya zube mata curin ulu shida a cinya, kowanne ya kusa kabewa. Zaren ya kai kaurin babban yatsa, ga laushi kamar kunnen zomo. Ya ce gashin wata dabba ne mai kama da ɗan raƙumi marar tozo, alfaka ake ce mata. "Na bargon angonki ne, Iya," in ji shi. "Kada ya ce kin fi son tsofaffin mazan." Ta yi dariya, ta sa masa albarka, a ranta kuwa tana lissafin jikoki. Na goma sha biyu ke nan. Shi kaɗai za a fito da shi babu hannunta a jikinsa?

Da safe ta lulluɓe ulun da zane ta nufi gidan Lantana, wadda ita ta koya wa saƙa, yanzu kuma babu wadda ta kamo ta a garin. Ta faɗa mata gaskiya, kai a sunkuye. Babu tsinken da zai ɗauki irin wannan zare, don haka suka fiƙe bakin muciya biyu da wuƙa, suka goge da yashi har suka yi santsi. Lantana ta kama aiki yadda aka koya mata, tana ja tana matsewa. Layi huɗu, abu ya fito da tauri kamar faifai. A na biyar zaren ya tsinke, domin murɗinsa kaɗan ne, ba ya son ja. Ta ƙulla, ya sake tsinkewa. Ta yi tsaki ta ce, "Iya, wannan ai igiyar ɗaure akuya ce, ita ma ruɓaɓɓiya!"

Tsohuwa ta karɓa don ta warware, kada a ɓata wa yaron kayansa. Tana shafawa sai ta tsaya cak. Yatsunta ne ke ganin saƙar! Kowane ido girman goro, ga shi nan, ga maƙwabcinsa. Ta ƙirga talatin da biyu ba ta ko duba ba. Ta warware, ta jera sababbi a muciya, ta soka, ta naɗa, ta zaro. Hannun da ba ya iya ja bai ja ba, sai zaren ya kwanta yadda yake so, ya kumbura ya cike gurbinsa. Layi ɗaya ya ba ta faɗin yatsa biyu, abin da a da sai ta yi layi takwas. "Lantana! Taɓa ki ji! Taɓa mana!" Muciya sai ƙwas-ƙwas take yi, curi na birgima a tsakar gida, kaji na gudu. An kawo mata kunu ya huce ba ta sani ba. Kafin rana ta take tsaka bargo ya rufe mata gwiwa, kafin ta karkata ya sauka kan ƙafa, matan maƙwabta suna leƙe ta katanga suna tambaya ko tuwo ake tuƙawa da muciya biyu. Ita kuwa tsohuwa tana saƙa tana dariya, hawaye na bin kumatu, ba ta da hannun sharewa.

Ranar suna aka fito da jariri cikin bargo mai laushi kamar kumfar madara, mata na rangaɗa guɗa, kowa na miƙo hannu ya shafa. Lantana ta raɓo kusa ta ce, "Iya, na gwada a gida har sau biyar, faifai nake ta yi. Don Allah ki koya mini sakin hannun nan."

"Wannan ba a koyar da shi, 'yar nan," in ji tsohuwa. "Ki jira shekara talatin, da kansa zai zo ya same ki har ɗaki. Kuma ranar da ya zo, kuka za ki yi."

Masu iya magana ba su yi ƙarya ba da suka ce, wani hanin ga Allah baiwa ne.