Baƙon Da Ya Ƙi Fita Daga Kantin Na'Allah

"Ka saida mini kanti da mutum ciki!"

"Kanti na saida maka, Alhaji. Mutumin ba ya cikin cinikin," in ji dillali Hambali.

"To wane ne shi?"

"Wallahi bakina bai iya ɗaukar sunanshi."

Alhaji Na'Allah ya juyo wajen alƙali yana huci. Tun daga garinsu Cadawa aka ɗauko shi bisa jaki, ƙafa naɗe da tsumma, ga kuba, wato mabuɗin kantin, rataye a wuyansa kamar laya.

Ga yadda abin ya faro. Shekarar da aka sauke tutar Faransa, Nasaran da ke awon gyaɗa a garin nan ya tattara ya tafi. Na'Allah kuwa ciwonsa ke nan, sayen gini. Kurkunu ta kwantar da shi a lokacin, don haka daga kan gado ya sayi kantin Nasaran ta hannun dillali Hambali, bai taɓa ganin ko ƙofarsa ba. An damƙa masa kuba gaban shaidu, ciniki ya faɗa.

Da kaka ta yi, ya aika jakuna da buhunan gyaɗa a zuba a ciki. Suka komo da kayansu, wai akwai mai zama. Yanzu gyaɗar tana jibge a tsakar gidansa, gara ta fara ɗanɗana na ƙasa.

Alƙalin sabo ne, bai daɗe da zuwa daga Tibiri ba. Yana zaune bisa buzu, wata ƙatuwar ƙugiyar ƙarfe na lilo daga rufi saitin rawaninsa. Ya gyara murya.

"Mutumin nan, haya yake?"

"Ko sannu bai taɓa ce mini ba, Allah gafarta Malam."

"Mece ce sana'arsa?"

"Masu jakaina sun ce bai saye, bai saidawa. Kullum tara mutane yake suna zage-zage gabanshi, shi yana gyaɗa kai. In rana ta yi tsaka ya yi gyangyaɗi."

"Ɗan caca ne ke nan," in ji alƙali. "Irinsu ne za su kashe ƙasar nan tun tana rarrafe."

Hambali ya yi tari har sai da aka ba shi ruwa.

Na'Allah ya ɗan samu sanyi. Ya ɗaga ido yana ƙare wa ɗakin shari'a kallo, da yake idon mai gini ba ya hutu. Rufin kwano, daɓen siminti, faɗi kamar fage. Har wani tsohon warin gyaɗa yake yi mai daɗi. Aibinsa ɗaya, ƙyauren da igiya ake ɗaure shi. A ransa ya ce, da Hambali mutumin kirki ne, ai irin wannan zai samo masa.

"Kai dillali, faɗi sunansa," in ji alƙali.

"Allah gafarta Malam, a bar maganar ga mu yi ta mu biyu bayan la'asar."

"Au, toshiya za ka ba ni? Gaban jama'a?"

"Babban mutum ne, Malam."

"Yanzu an samu 'yanci! Babu babba gaban shari'a!" Alƙali ya miƙe wuya har ƙugiya ta taɓa rawaninsa. "Na yanke. Yau ɗin nan a fid da shi. A watso tarkacensa waje. In ya ƙi tashi, a ɗauke shi cak a ajiye shi a rana, yara su yi masa ature!"

Jama'a suka yi kabbara. Na'Allah ya share ƙwalla, ya cire kubar daga wuyansa ya miƙa wa Iro, dogarin alƙali. Shi Iro mutum ne da in an ce ya kamo kaza ba ya tambayar ta wa.

"Hambali, wuce gaba ka nuna masa wurin," in ji alƙali.

Hambali ya tashi kamar mai ciwon baya. Ya ja ƙafa har bakin ƙofar ɗakin shari'ar, ya tsaya nan, ya nuna da haɓa.

Iro ya kwance igiyar ƙyauren, ya zura kubar a ramin da ya yi tsatsa, ya murɗa. Kowa ya ji ƙarar: ƙyaras. Ya komo ciki yana naɗe hannun riga, ya durƙusa gaban alƙali cikin ladabi.

"Allah gafarta Malam, da buzun za ni ɗauke ka, ko a fara hidda buzun?"