Gurbin da Datti Ya Cike

Zuhra ta dangwarar da wayarta a teburin gidan shayin mamak da ke unguwar Sri Petaling, har shayin Datti ya fallatsa.

Shekara guda ke nan Datti, maƙwabcin nata, yana ɗaukar bidiyon ɗanta Adnan a filin ƙwallo, yana tura wa jami'o'in Amurka. Yau wani koci ya kira ta da albishir ɗin karatu kyauta, sannan ya ce ta gaida mijinta.

"Malam Datti, mijina shekararsa huɗu a ƙasa. Wane mijin zan gaisar?"

Ya sunkuyar da kai yana juya cokali. "Fom ɗin ya tambayi alaƙata da yaron. Babu gurbin maƙwabci."

"Shi ne ka ce kai ubansa ne?"

"Subhanallahi! Allah ya jiƙan Hambali, ba zan raba shi da ɗansa ba. Mijin uwa na rubuta."

Ta saki baki tana kallonsa.

Sai sannan ya ɗago ya dube ta. "Juma'a kocin zai sake kira, Maman Adnan. In gyara fom ɗin, ko in kira yayanki a Kano?"

Ta daɗe tana kallon shayin da ya zube.

"Kana ma da lambar Yaya ne?"

"Tun bara."