Yaro Mai Jan Gyale

Ya fizge littafin hotunan da 'yarsa ta kawo daga makaranta, ya wurga cikin tanderu.

"Namiji da gyale da awarwaro? Ƙazantar da ake koya wa yara ke nan? Gobe malamar nan za ta san ni."

Mahaifiyarsa ta zura hannun da ya saba manna gurasa, ta zaro littafin.

"Ammi, bar shi ya ƙone."

"Ai ka iya ƙonawa. Haka ka yi wa hotunan yayanka ranar da ya bi 'yan daudun birnin Lahore masu rawa a bikin suna."

Yana tsaye ta hure tokar, ta ɗora jikarta a cinya, ta buɗe shafin yaro mai jan gyale.

"Kalli, haka baffanki yake."