Lalle a Wandon Jibirilu

An riga an ɗaure Mahama direba a turken da aka sace ragon layyar Alhaji Sulemana lokacin da Abass tela ya ratso taron. Duk unguwar Nima an san Abass da abu biyu: iya gano ɓarawo, da kuma cewa ba mata yake so ba.

"Ku kwance shi," in ji Abass. "Ba shi ba ne."

Alhaji ya tofar da yawu. "Ana sallar Juma'a aka ɗauke ragon. Mahama bai zo masallaci ba, ya ƙi faɗin inda ya je. Ɗan daudu ne zai koya mana shari'a?"

"Alhaji, yaushe aka shafa wa ragon lalle?"

"Yau da hantsi."

Abass ya warware wani farin wando, yagagge a gwiwa, ya yi jawur da lalle. "Ƙaninka Jibirilu ya kawo mini gyara bayan la'asar."

Jibirilu ya zabura zai gudu, aka cafke shi.

Alhaji ya haɗe rai. "Amma tun kafin la'asar kake rantsuwa ba Mahama ba ne. Ta yaya ka sani?"

Mahama ne ya ɗago kai.

"A ɗakinsa nake. Kowace Juma'a, yau shekara shida."

Abass ya kwance igiyar da hannunsa, ya dubi taron ɗaya bayan ɗaya.

"Kayan Sallarku duka suna shagona. Mai magana ya zo ya ɗauki yadinsa."