Nauyin Ƙarfe

"Oga, tukunyar nan fa babu komai cikinta," in ji Baba, ma'aikacin da ya fi kowa daɗewa a gidan ruwanmu.

Na duba sikeli. "Haba Baba, ga kilo arba'in nan."

"Nauyin ƙarfen ne, ɗana. Iskar ta ƙare."

Ni ne injiniyan da ya zaɓi girman tukwanen iskar kulorin, wadda ke kashe ƙwayoyin cuta a ruwa. Na lissafa za su kai mu wata guda, ashe har da nauyin ƙarfe na haɗa. Motar da za ta kawo sababbi sai jibi, ga ruwa yana ta tafiya cikin gari.

Na koma gefe na kira matata, na rage murya. "Kar yara su sha ruwan famfo." Gidana kaɗai na tuna.

Baba ya ja ni zuwa ɗakin baya. Ga wata tukunya a ɗaure da sarƙa, ya haɗa ta da bututun ruwan tun safe.

"Na ga lissafinka ba zai kai ba, na faɗa maka, ka ce ban yi boko ba. Sai na ɓoye guda."

Na gane lambarta. Ita ce wadda ta ɓace, na rubuta a rahoto cewa shi ya sace ta.

"Kira matarka ka ce su sha," ya ce, ya miƙo hannu. "Sannan ka ba ni takardar korar da ke aljihunka."