Jan Ribon na Ticha Pilgrim

Takalmin yana matse ta, amma babbar baƙuwa ta bikin karrama Ticha Pilgrim ba ta ko yamutsa fuska ba. Ta zauna a teburin manya da farar safar hannu da tabarau, tana kurɓar zoɓo, mutanen ƙauyen Castara na leƙenta. Dakta Ismay Quashie daga Toronto, in ji mai gabatarwa, aka yi ta tafi.

Ba don ta karrama kowa ta zo ba. Abin da tsohon nan ya yi wa Verlyn ne ya kawo ta, kuma ta rantse ba za ta bar zauren nan ba sai ya ɗanɗani irinsa a gaban jama'a.

Ismay da Verlyn tagwaye ne, kamarsu ɗaya sak, har uwarsu sai ta ɗaura wa Ismay jan ribon a gashi, Verlyn rawaya. Ranar da Ticha ya zo koyar da kalmar Ingilishi mai nufin "daban", sai ya fito da su gaban aji. Ya ce kalmar nan ana amfani da ita ne in abu biyu ba iri ɗaya ba ne, kuma a faɗi wanne ya bambanta da wanne. Ya dafa kan mai jan ribon, ya ce wannan daban take da waccan: wannan ƙwaƙwalwa, waccan jaka. Aji ya fashe da dariya. A shekarar nan ya hana Verlyn zama jarrabawar shiga sakandare. Tun daga nan take bakin teku tana feɗe kifi, kuma har yau tsofaffin 'yan ajin in sun sha giya "Jaka" suke kiranta.

Yanzu ga shi ya miƙe da sandarsa, ya karɓi abin magana. Wai tsufa zai sa ya ji nauyin bakinsa? Ina! Labarin nan dai ya sake kwasowa, har da kwaikwayon kukan jaki. Wasu suka yi dariya, wasu suka sunkuyar da kai.

"Ina ita ɗayar?" ya tambaya.

"Rumfarta a rufe yau, Ticha!" wani ya amsa daga baya.

"Kunya ce ta ɓoye ta. Da ta shigo ma ƙarni zai kore mu."

Baƙuwar ta ajiye kofin zoɓonta. Ta tashi a hankali, ta isa gabansa tana murmushi.

"Ticha, ranka ya daɗe, tun muna yara kake cewa kai kaɗai ne kake bambanta mu. Har yanzu kana iyawa?"

"Ke yarinya, ko idona a rufe! Dubi tafiyarki, ji maganarki. Ilimi ba ya ɓuya. Waccan ko an wanke ta da turare zan gane ta."

"A gaban mutanen nan ka faɗa?"

"Na faɗa, na ƙara!"

Ya zaro sabon jan ribon daga aljihu, ya maƙala mata a ƙirji. Ta zare safar ta miƙa masa hannu, ya rusuna da ƙyar ya sumbace shi, har yana yaba ƙanshin lemon tsami. Mai hoto ya ɗauka, zaure ya ɗau tafi.

Ta jira tafin ya lafa tukuna, sannan ta cire tabarau, ta karɓe abin maganar daga hannunsa.

"Ismay tana gaishe ka daga Toronto, Ticha, ita ta aiko mini kayan nan. Hannun da ka sumbata yanzu, shi ya feɗe maka kifi jiya da safe."