Ragon da Alƙali Ya Mayar

Tunda ka ce 'yan uwa sun fara yi maka sintiri a ofis, zauna in ba ka misali. An yi wani alƙali a kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya, ya daɗe a kujerar har furfura ta cim masa a kanta. Yana tsakiyar aiki mutanen garinsu suka yi rikicin fadama da garin da ke ƙetaren rafi, magana ta yi ta hawa har ta iso kotunsu. Shi dai ya tsame hannunsa, don ba a alƙalanci a shari'ar gida. Sai ga dattawan garinsu mota guda, sun ɗauro farin rago mai murɗaɗɗen ƙaho, wai ya ɗan sa baki wajen abokan aikinsa. Ya shimfiɗa musu tabarma, aka kawo tuwo da fura, ya durƙusa ya gaishe su gaisuwar ɗa da iyaye. Da suka tashi tafiya, shi da kansa ya ja ragon ya mayar cikin motar. Ƙanin mahaifinsa ya dube shi ya ce, "Ashe wasu muka haifa wa." Shari'a kuwa ta zo ta kayar da su. Tun daga ranar aka daina aika masa goron biki, in ya je ta'aziyya sai a amsa masa da ka. Kada ka zaci abin bai ci masa rai ba, ya ci ƙwarai. Matarsa ta ce in ya yi ritaya su yi zamansu a birni, ya ƙi, wai inda aka binne cibiyarsa nan za a binne shi.

Ya koma gida da sandarsa, ya zama baƙo a garin ubansa. Ana nan wata damina rafin ya sauya hanya, ya kwashe ɗan ruwan da ya rage musu ya kai ƙetare. Da rani ya yi, albasa ta fara ƙonewa, samari suka shiga wasa adduna. Aka nemi sulhu. Mutanen ƙetare suka ce sun ji, amma ba wanda za su zauna a gabansa sai mutumin nan da ya mayar wa iyayensa rago, duk da cewa ɗan can ne. Ka ji fa, ashe labarin ragon ya daɗe da haye rafi! Tsohon ya zauna a gindin tsamiya, ya saurari kowa har ya gaji da magana, sannan ya ce a haƙa hanyar ruwa, yau a sako wa nan, gobe can. Ba wanda ya ja. Da aka cire albasar farko, 'ya'yan waɗancan dattawa suka jawo wani rago har ƙofar gidansa. Ya yi dariya har da ƙwalla, ya ce wannan kam a yanka, a kira na ƙetare a ci tare.

To, gobe in sun sake zuwa, ka ba su ruwa, ka girmama su, kada ka karɓi igiyar rago. Ciki da gaskiya, wuƙa ba ta huda shi.